Legas ko Kano? Lissafin da ɗan bakin Kainji ke mantawa kafin ya ɗaure kaya

Kwana uku ko huɗu bayan Babbar Sallah, tashar motar Yelwa kan cika da mutum iri biyu. Akwai masu komawa inda suka fito, jaka a kafaɗa, kwalin kifin banda ɗaure da igiya domin tsaraba. Akwai kuma waɗanda ba su taɓa wuce Kwantagora ba, samari daga Wara, Ngaski, Shanga, Dugu Tsoho da tungayen bakin ruwa, waɗanda suka kwashe kwanakin Sallah suna kallon sabuwar wayar abokinsu da sabon takalminsa, har zuciya ta raya musu cewa zaman gida ya ƙare. Tambayar da ke bakinsu ɗaya ce: Legas ko Kano?

Yawanci wanda ya fi ado ranar Idi shi ke amsa musu. In ɗan Legas ne ya yanka rago mafi ƙiba, sai hankali ya karkata kudu. In ɗan Kano ne ya zo da shadda mai maiƙo yana rabon turare, sai a ce ai Kano ce wurin zuwa. Ba wanda ke tambayar mai ragon inda yake kwana, ko awa nawa yake yi a hanya kullum, ko nawa ke rage masa in wata ya ƙare. Shi kuma ba zai faɗa ba, domin ba don ya ba da labarin wahala ya zo gida ba. A ganin mai wannan shafi, nan ne kuskuren yake. Ana auna birni da abin da mutum ya nuna cikin kwana uku, alhali rayuwar birni tana cikin sauran kwanakin shekara, cikin kuɗin haya da jarkar ruwa da kuɗin mota da kuma wanda zai tsaya wa mutum ranar da ya shiga uku.

Ƙasar Yawuri ta fi kowa sanin abin da ake nufi da tashi daga gida. Lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, bayan aikin da aka fara a 1964, tafkin da ya taru ya shanye tsibirai da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, aka kwashe sama da mutum 40,000 zuwa sababbin matsugunai. Gungawa, waɗanda suka yi suna da noman albasa a tsibirai da gaɓar Kwara, suka wayi gari a kan tudu, cikin gidajen siminti da wasu suka zana musu. Da yawa sai da suka ƙara ɗakunan ƙasa da rumfunan ciyawa a gefe kafin wurin ya zama gida. Waɗancan kakanni ba a ba su zaɓi ba. Jikokinsu suna da shi, amma sau da yawa suna yanke shawara cikin gaggawar da ta fi ta wanda ruwa ya kora.

Ba wai ba su da dalilin tafiya ba. Masunta sun daɗe suna kukan kifi ya ragu a tafkin, giwan ruwan da a da ake kamawa yana neman zama labari, masu jefa birgi da masu kafa mamari sun yi yawa, ruwan kuma bai ƙaru ba. Ambaliya kan cinye shinkafar fadama. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa maƙare da mutane ya kife kusa da Wara, aka rasa rayuka da dama, sannan a ranar 17 ga Yuni na shekarar 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka kwashe ɗalibai da malamai. Saurayin da ya ga wannan duka ya ce zai gwada wani wuri, ba za a kira shi rago ba. Abin da ake roƙonsa shi ne ya yi lissafi.

Lissafin kuwa daga hanya yake farawa. Babban titin da ya ratsa Yelwa shi ne ya miƙe kudu ta Kwantagora, Mokwa, Jebba, Ilori da Ibadan har Legas, kuma a Jebba matafiyi kan tsallake kogin garinsu ta kan gada. Hanya ce mai tsawo, amma motocin albasa da na shanu da na kifi ba sa yankewa a kanta, shi ya sa ɗan Yawuri kan isa Legas a bayan tirela da kuɗi kaɗan. Kano ba ta da irin wannan miƙaƙƙiyar hanya. Ko dai a bi ta Kwantagora, Tegina, Birnin Gwari da Kaduna, ko a zagaya ta Koko, Jega, Sakkwato, Gusau da Funtuwa, kuma dukansu biyu suna ratsa wuraren da matafiya suka daɗe suna shiga da addu'a a baki. Wanda ya ɗauka cewa Kano gida ce, in an yi rasuwa zai iso kafin a tashi zaman makoki, sai ya sake tunani.

Sai kuɗin shiga, inda Legas ke da bakin magana. Bayan da aka sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a Yulin 2024, Legas ta sanar da 85,000, Kano 71,000, Kebbi kuwa, jihar da Yawuri take, 75,000. Mai karatu ya lura, a takarda Kebbi ta fi Kano. To amma mafi yawan masu barin Yawuri ba aikin gwamnati za su yi ba, don haka waɗannan lambobi alama ce kawai ta yadda kuɗi ke yawo. A Legas mai ƙarfin jiki zai iya sauka yau, gobe ya fara dako a kasuwar Mile 12, inda manyan motoci ke sauke albasa da tumatir da attarugu tun kafin asuba. Akwai gadi, akwai tura ruwa, akwai gwangwan, akwai wankin takalmi da teburin shayi da tukubar tsire. Kuɗin na shigowa kullum, a hannu.

Kano ba haka take ba. Garin da kirarinsa ke gargaɗin baƙo cewa duk abin da ya zo da shi an fi shi, cike yake da hannaye masu neman aiki, daga ƙauyukan jihar da Jigawa da Katsina da Nijar, don haka ladan ƙwadago ƙasa yake. Arzikin Kano yana cikin kasuwanninta, Kantin Kwari na atamfa da shadda, Singa ta kayan masarufi, Dawanau ta hatsi, 'Yankaba ta kayan gwari, Kurmi mai tarihi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kuma ba a shiga waɗannan da ƙarfin damtse. Ana shiga ne ta hannun maigida. Yaro ya zauna a shago shekaru yana aike, yana koyon farashi da halin abokan ciniki, ana ba shi na abinci da na mota, har ranar da za a sallame shi da jari in ya riƙe amana kuma maigidan mai tsoron Allah ne. Hanya ce mai jinkiri, ba kuma kowa ke kai ƙarshenta ba. Amma wanda ya kai, yana da abin da ɗan dako ba zai taɓa samu ba, domin dako na ƙarewa ranar da baya ya ƙi.

Wurin kwana shi ne abin da masu dawowa Sallah suka fi ɓoyewa. A Legas, dokar haya ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ko an bi dokar, kuɗin shekarar ba shi kaɗai ba ne. Akwai la'adar dillali, akwai kuɗin rubuta yarjejeniya, akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, duka a dunƙule kafin a miƙa makulli. Abin da za a samu a ƙarshe ɗaki ɗaya ne a gidan haya mai ɗakuna suna kallon juna, banɗaki ɗaya na mutum da yawa, layin wanka tun da duhu. Saboda haka ɗimbin 'yan Arewa ba sa kama ɗaki sam. Wasu na kwana a rumfunan kasuwa, wasu a barandar masallaci, wasu a kangon da ɗan garinsu ke gadi, wasu a ƙarƙashin gada. Wanka da biya, bayan gida da biya. Ragon nan da aka yanka ranar Idi, sau da yawa kuɗin hayar da ba a biya ba ne, an saye shi da wata goma sha ɗaya na kwana a kan kwali. Mutum zai iya jure wannan yana da shekara ashirin da biyu. Ba zai iya kai matarsa da jaririnsa can ba.

A Kano ma ana biyan haya ta shekara, dillali kuma na karɓar la'adarsa, amma akwai sauƙi. A unguwannin gefe irin su Kurna, Bachirawa, Rimin Kebe, Sheka, Ɗorayi da Gaida, mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun ciki da falo, ko samari huɗu su haɗa kuɗi su kama shago. Sai dai yawancin waɗannan wurare awon igiya ne, lungu ya matse, magudanar ruwa babu, da damina sai an naɗe wando.

Ga kuma abin da ɗan bakin ruwa bai taɓa sa wa a lissafi ba, wato ruwan kansa. Wanda ya tashi yana wanka a Kwara, yana wanki a Kwara, yana shayar da dabba a Kwara, zai sha mamaki ranar da ya fara ƙirga jarka. A unguwanni da yawa na Kano famfo ado ne, duk da matatun Tamburawa da Chalawa, kuma 'yan garuwa masu tura kura ne ke raya gidaje. Da bazara, lokacin da rijiyoyi suka ja baya zafi kuma ya kai intaha, farashin jarka kan tashi, uwargida ta shiga auna ruwan alwala da na girki. Legas kuwa tana zaune a tsakiyar ruwa amma ita ma saye take yi, har Yarabawa sun ari kalmar mairuwa daga bakin Hausawan da ke tura musu shi. Game da wutar lantarki kuwa, ɗan ƙauyen da ke kallon tafkin da ake samar da ita alhali yana kwana a duhu ba zai ga baƙon abu ba a ko wanne birni.

Lokaci ma kuɗi ne da ake biya ba a sani ba. Ma'aikacin da ke kwana a Agege ko Ikorodu yana aiki a tsibirin Legas kan bar ɗaki kafin kiran assalatu, ya yi sallar asuba a hanya, ya kutsa cikin danfo, ya ratsa cunkoson wata gada mai tsawon kusan kilomita 12, ya dawo bayan isha a gajiye. An samu sauƙi da manyan motocin BRT tun 2008, da jirgin ƙasa na Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a Satumban 2023, da na Agbado zuwa Oyingbo da ya biyo baya a 2024, amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban rami a aljihun kowa. A Kano Adaidaita Sahu ne sarkin hanya, akwai cunkoso a Bata da Ƙofar Wambai da bakin Kwari, amma mutum zai iya fita bayan ya karya, ya dawo gida kafin magariba, ya zauna a majalisa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya saba da hirar yamma a bakin ruwa ana gyaran koma.

Wanda kuma ya yi niyyar sayar da kwalekwalensa ya sayi babur domin acaɓa, gara ya tsaya ya ji. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Legas ta hana acaɓa a manyan sassanta a Fabrairun 2020, ta ƙara tsanantawa daga 1 ga Yunin 2022 a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa da sauransu, kuma baburan da aka kama ana murƙushe su ne a bainar jama'a. A Agustan 2019 an tare wata babbar mota ɗauke da mutum 123 daga Jigawa da babura 48 a Legas, aka tsare su ana bincike kafin a sake su. Jarin shekaru zai iya tafiya cikin safiya ɗaya.

Wannan ya kai mu ga abin da ba a auna shi da Naira. A Legas, Bagunge da Bakambare da Bashange da Basarke duk sunansu ɗaya, aboki. Ba wanda ya damu da cewa Yawuri masarauta ce mai tarihi, ko cewa kakan mutum sarkin ruwa ne. A ranakun lafiya wannan ba komai ba ne, kuma gaskiya Legas ta karɓi Hausawa fiye da shekara ɗari, ga Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, ga sarakunan Hausawa masu sasanta rigima da nemo beli. Amma ranar da rikici ya tashi, ba a tambayar wa ya yi laifi. A Maris na 2016 faɗa ya ɓarke a Mile 12, aka rasa rayuka, gwamnati ta rufe kasuwar na wani lokaci. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Ibadan ya sa ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, aka riƙa tare motoci a Jebba, albasa da tumatir suka yi ta ruɓewa a Arewa. Manomin bakin Kainji da bai taɓa taka Ibadan ba shi ma ya ji a jikinsa.

A Kano ba mai kiran mutum aboki. Za a yi masa dariyar Hausarsa ta yamma, a ce masa Basakkwace ko da bai taɓa kwana a Sakkwato ba, daga nan a wuce wurin. Masallaci na ƙofar gida, maƙwabta na zuwa suna da jana'iza, wanda ya rasu da safe ana binne shi kafin azahar ba tare da an nemi kuɗin kabari mai nauyi ba, alhali a yawancin maƙabartun Legas sai an saya. Kirista daga ƙasar Ngaski ko Shanga zai samu coci da 'yan'uwa a Sabon Gari, sai dai ya san cewa ya shiga jihar da ke da Hisba. Kano kuma tana da nata ciwon: faɗan daba da ƙwacen waya sun sa akwai lungunan da ba a amsa kira a cikinsu bayan magariba.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani. Hatsi daga Arewa yake tafiya kudu, don haka kwanon tuwo a Legas yana ɗauke da kuɗin man tirela da na shingayen hanya. A Kano da kuɗi kaɗan za a ci garau-garau ko ɗanwake ko gurasa a ƙoshi. Abin da zai yi wa ɗan Yawuri ciwo a duka biyun shi ne kifi, domin tarwaɗar da yake ba maƙwabci kyauta a gida ita ce zai tsaya yana tayawa, ƙarshe ya koma wa kifin ƙanƙara.

Mata fa? Su ne ba a tambaya, su ne kuma suka fi ɗanɗana sauyin. Matar da ta saba da bandar kifi da turara shinkafa da kai kaya kasuwa tana da kuɗin kanta a gida. In aka kai ta ɗaki ɗaya a Legas, ba ta jin Yarabanci ba ta jin buroka, sai ta zama fursuna. A Kano za ta iya soya awara ko ƙosai, ta shiga adashi, ta je Islamiyya, ta yi ƙawaye cikin mako guda. Yara kuwa, a makarantun Legas Yarabanci darasi ne na dole tun dokar 2018, a Kano azuzuwan gwamnati sun cika maƙil har gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024. A duka biyun, Gunganci da Kambarci ba sa wuce tsara ɗaya in iyaye ba su dage ba, kuma Kano ta fi saurin haɗiye su, domin yaro ba ya jin ya bar komai.

Wani zai ce, ai masunci ruwa yake nema, Legas kuma ga teku ga tafki. Ruwan can yana da masu shi. Egun da Ilaje da sauransu sun riƙe shi a Makoko da Epe da Badagiri tun kaka da kakanni, kifin ruwan gishiri kuma ba halinsa ɗaya da na Kwara ba. Abin da ɗan Yawuri ke da shi wanda zai sayu a birni shi ne sanin kaya. Ya san albasar da za ta yi wata uku ba ta ruɓe ba, ya san bandar da aka yi da kyau da wadda aka yi wa ha'inci, ya san manomi da masunci da sunansu. Wanda ya je Mile 12 ko 'Yankaba a matsayin wakilin masu kaya daga gida, da amanar mutum goma a bayansa, ya shiga ta ƙofa. Wanda ya je da hannu biyu kawai zai bi layi da dubban irinsa.

Hukuncin mai wannan shafi ke nan. Saurayi marar iyali, mai lafiya, wanda ke da ɗan'uwa tsayayye a kasuwa kuma ya ɗibar wa kansa wa'adi, ya ce rani biyu ko uku zai yi ya tara jarin injin ban-ruwa ko na jirgi, Legas za ta fi ba shi da sauri. Magidancin da ke son ya tashi da mata da yara ya zauna, ko yaron da iyayensa suka samar masa maigida na ƙwarai, Kano ta fi masa. Wanda ba shi da kowa a ko'ina, ba shi da sana'a, sai labarin da ya ji ranar Sallah, bai shirya zuwa ko ɗaya ba.

Kakanni sun bar wata dabara da ake neman mantawa, wato cin rani. A tafi bayan girbi, a dawo kafin shuka, gona na nan, jirgi na ɗaure a gaɓa. Duk mai niyyar ƙaura ya fara yin rani guda a garin da yake so, ya rubuta abin da ya kashe kullum a haya da ruwa da mota da abinci, ya je da katin shaidar ɗan ƙasa a aljihu, ya san gidan sarkin Hausawa ko mai unguwar inda ya sauka tun ranar farko. Ƙungiyoyin 'yan asalin Yawuri da ke biranen nan biyu, da masarauta da shugabannin ƙananan hukumomin Yawuri, Ngaski da Shanga, su ma suna da aiki: su tara masu dawowa a lokacin Sallah ko bikin Rigata, su sa su faɗa wa ƙannensu inda suke kwana da abin da ke rage musu a wata. Kafin a yi hakan, iyaye su hana a sayar da gona ko kwalekwale saboda kuɗin mota.